ƘWALAMAR GIDA TA FI TA LEDA

 

Yau maganarmu a kan wani ɗan abu ce wanda ba a cika kula da shi ba, watau abin da yaro ya ke jefawa bakinsa tsakanin karin kumallo da tuwon dare. Manya su kan kira shi ƙwalama, su ce ai ba abinci ba ne. To, cikin yaro bai san wannan bambanci ba. Duk abin da ya shiga, ko dai ya gina jiki, ko kuwa ya tare wurin abin da zai gina shi.

In kana so ka gane abin da mu ke nufi, je ka tsaya bakin makarantar firamare a Zakirai, ko wani ƙauye na ƙasar Gabasawa, sa'ad da aka fito tara. Za ka ga yara sun yanyame mai tebur. Wannan ya sayi biskit, wancan minti, wata cingam, wata alewa mai tsinke. Kafin a koma aji ƙasa ta cika da ledoji. Sa'an nan ka ɗaga kai ka dubi bayan makarantar. Gona ce jikin gona, ga gero, ga dawa, ga wake, ga gyaɗa. Watau abincin kirki yana kewaye da yaro, amma kuɗin ubansa na tafiya wajen sayen zaƙi cikin leda. Wannan shi ne abin da mu ke so mu gyara tare da ku.

CIKIN YARO ƘARAMI NE

Babban mutum ya kan zauna ya share malmala biyu, ta riƙe shi wuni. Yaro ba ya iya haka. Cikinsa ƙarami ne, ga shi kuwa yana girma, yana guje-guje. Don haka ne ma'aikatan lafiya su ke cewa yaron da ya shekara ɗaya ya ci abinci sau uku ko huɗu a yini, a kuma ba shi ɗan abin taɓawa sau ɗaya ko sau biyu a tsakani. Ashe ke nan ƙwalama ba wasa ba ce, wani sashe ce na abincinsa.

Abinci kuwa iri uku ne. Akwai mai ba da ƙarfi, kamar gero da dawa da masara da rogo da mai. Akwai mai gina jiki, kamar wake da gyaɗa da riɗi da ƙwai da nono da nama da kifi. Akwai kuma mai tsare jiki daga cuta, kamar zogale da rama da kuka da mangwaro da gwanda. Yaron da ya samu na fari kaɗai zai ƙoshi, amma ba zai yi girma yadda ya kamata ba.

Wannan ba ƙaramar magana ba ce a ƙasarmu. Binciken lafiyar jama'a da aka yi a Nijeriya cikin 2018 ya nuna yara 37 cikin kowane 100, 'yan ƙasa da shekara biyar, sun tsumbure, tsawonsu bai kai na shekarunsu ba. A jihohin Arewa maso Yamma, inda Kano ta ke, sun fi rabi. Tsumburewa kuwa ba ta tsaya ga tsawo ba. Ta kan taɓa kaifin hankali, ta sa yaro saurin kamuwa da ciwo. Saboda haka kowace loma da za ta shiga cikin ɗanka, ka tabbata mai amfani ce.

MENE NE CIKIN LEDAR?

Ba mu ce biskit guba ba ne. Kada wani ya je ya ce a rediyo an hana cin biskit. Abin da aka yi a masana'anta mai rajista an yi shi da tsabta, an rufe shi, ƙuda bai taɓa shi ba. Tambayarmu ita ce, me aka zuba ciki?

Ka juya bayan ledar, ko ka ba ɗanka mai karatu ya karanta maka. Akwai jerin kayan da aka haɗa. Ƙa'ida ita ce a fara rubuta abin da ya fi yawa, sa'an nan mai bi masa, har zuwa mafi ƙanƙanta. A yawancin biskit za ka tarar fulawa ce a gaba, sai sukari, sai mai. A minti da alewa kuwa sukari ne a gaba, sauran ɗan launi ne da ƙamshi. Duk waɗannan na ba da ƙarfi ne na ɗan lokaci. Abin gina jiki kaɗan ne a ciki, ko babu sam.

Ɓarnar da su ke yi iri uku ce.

Ta fari, su kan kashe wa yaro cin abinci. Yaron da ya sha zaƙi kusa da azahar, in aka kawo masa ɗanwake ko dambu sai ya ture. Uwa ta ce ba ya son abinci. A'a, an riga an cika masa ciki da abin da ba shi da amfani.

Ta biyu, haƙori. Cikin bakin kowane mutum akwai waɗansu ƙwayoyi ƙanana waɗanda ido ba ya gani. Abincinsu sukari. In sun ci sai su fid da wani tsami, shi ne ke cin farin haƙori sannu sannu har ya yi kogo. Yawan maimaitawa shi ya fi ɓarna. Yaron da ya wuni yana tsotsar minti ɗaya bayan ɗaya, haƙoransa sun wuni jiƙe cikin wannan tsami ke nan. Wanda ya taɓa kwana da ciwon haƙori ya san ba abin da za a so wa yaro ba ne.

Ta uku ba ta bayyana sai an girma. Icce tun yana ɗanye a kan tanƙwara shi. Harshen da ya saba da zaƙi tun yarinta da wuya ya daina. Yawan shan zaƙi kuwa ya kan kawo ƙiba, ƙiba ta buɗe ƙofa ga ciwon sukari da hawan jini. A da a kan ce waɗannan ciwon masu kuɗin birni ne, amma yau ana ganinsu a ɗakunan shan magani na ƙauye.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara cikin 2015, ta ce sukarin da a ke ƙarawa cikin abinci da abin sha kada ya wuce kamar cokalin shayi 12 a yini ga babban mutum, in ma ya tsaya a 6 ya fi kyau. Na yaro bai kai haka ba, tun da abincinsa bai kai na babba ba. To, akwai lemon kwalba da yawa waɗanda kwalba guda ta kan ƙunshi cokali 8 ko 9. Ita ma Gwamnatin Tarayya ta lura da haka, shi ya sa cikin 2022 ta fara karɓar harajin Naira 10 a kan kowace lita ta irin waɗannan kayan sha masu zaƙi.

In ya zama dole ka saya, duba abu biyu. Duba lambar hukumar NAFDAC, wadda aka kafa cikin 1993 don kula da abinci da magunguna. Duba kuma ranar da abin zai lalace. In babu ɗayansu, mai da kuɗinka aljihu.

ARZIKIN DA KE CIKIN RUMBUNKA

Kai manomin ƙasar Kano, ba sai an gaya maka darajar gyaɗa ba. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano cikin 1911, kakanninka suka shiga nomanta gadan-gadan, har aka riƙa jera buhunanta a birni kamar duwatsu, a ke ce musu dalar gyaɗa. Turawa ba don wasa suka riƙa kwasarta zuwa ƙasarsu ba. Fari da cutar da ta faɗa wa gyaɗa cikin 1975 suka karya wannan ciniki, amma amfanin gyaɗa ga jiki yana nan yadda ya ke. In ka raba ɓararriyar gyaɗa kashi huɗu, kashi ɗaya abin gina jiki ne zalla, kusan kashi biyu kuwa mai ne.

Ga wata shaida. Cikin 1996 wani likita Bafaranshe, André Briend, da abokin aikinsa suka haɗa wani abinci a 'yar leda don warkad da yara masu tamowa, a ke kiransa Plumpy'Nut. Sa'ad da aka yi yunwa a Nijar cikin 2005, da shi aka ceci dubban yara a ƙasar Maraɗi. Shi ne irin wanda a ke ba masu tamowa a asibitocinmu. Me ke cikinsa? Markaɗaɗɗiyar gyaɗa ce ginshiƙinsa, sai madarar gari da mai da sukari da sinadaran ƙarin lafiya. Watau abin da likitocin duniya suka zaɓa don tashin yaron da ya kwanta, shi ne ka ke nomawa bayan gidanka.

Riɗi ma haka ya ke. Yana da mai, yana da abin gina jiki, yana kuma da sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi da haƙori. Gero yana da sinadarin ƙarin jini fiye da farar shinkafa, musamman in ba a surfe shi ƙwarai ba. Har wa yau, hatsi da gyaɗa in sun haɗu su kan cike wa juna, abin da wannan ya rasa wancan na da shi. Dabino kuwa ya kawo zaƙi.

Iyayenmu mata sun san wannan tun da daɗewa. Su suka ƙago dakuwa da ƙuliƙuli da kantun riɗi da gyaɗa mai gishiri. Da tsohuwar zuma a ke magani. Amma fa mu faɗi gaskiya, ba kowane abin gida ne ya fi na kanti ba. Hallaka-kwabo da gullisuwa da tuwon madara da alkaki, in ka ga yawan sukarin da a ke zuba musu, ba su da nisa da minti. Mazarƙwaila ma sukari ce, launi kaɗai ya bambanta. Zuma da zaƙi da harbi. Ƙwalamar gida ba ta fin ta leda sai an cika sharuɗɗa uku: a tsince gyaɗa, a rage zaƙi, a yi da tsabta.

TSINTAR GYAƊA

Ku kasa kunne sosai a nan, gama wannan ita ce magana mafi nauyi cikin jawabinmu.

Cikin 1960 talotalo wajen 100,000 suka mutu a Ingila, aka rasa dalili. Da masana suka bincika sai suka tarar abincin da a ke ba su an haɗa shi da garin gyaɗa daga Barazil, gyaɗar kuwa ta yi fumfuna. Wannan fumfuna ta kan haifi wani dafi a ke ce masa afalatoksin. Ta kan kama gyaɗa da masara in fari ya same su a gona, ko ƙwari sun huda su, ko an ajiye su da danshi. Dafin ya kan taru ya ɓata hanta, har ya kai ga sankarar hanta, balle ga wanda ke da ciwon hanta irin wanda likitoci ke kira B. Abin tsoro shi ne, suya ba ta kawad da shi, dafuwa ma ba ta kawad da shi. Maganinsa kaɗai kada ya shiga turmi.

Kai maigida, ga naka aikin. Ka cire gyaɗarka da zarar ta nuna, kada ka bar ta ta daɗe cikin ƙasa. Ka shanya ta bisa tabarma ko tamfol, ba bisa ƙasa ba, har sai in ka girgiza kwanso ka ji tana kaɗawa. Ka jera buhu bisa katako, nesa da bango, a ɗakin da ba ya yoyo.

Ke uwargida, ga naki. Ki baza gyaɗar bisa faifai da rana tsaka, inda akwai haske. Ki tsince duk wadda ta yamutse, da wadda ta fashe, da wadda ƙwaro ya huda, da wadda ta sake launi ko ta yi ƙura-ƙura mai kore. In kin tauna kin ji ɗaci, ki tofar.

Akwai wata al'ada da ya kamata mu bari. A kan zaɓi gyaɗa mai kyau a kai kasuwa, tsintar kuwa a bar wa gida a yi miya ko ƙuliƙuli. Ku duba fa, an sayar wa baƙo lafiya ke nan, an ajiye wa 'ya'ya cuta. Tsintar a haƙa rami a binne ta. Kada a ba saniya ko akuyar da a ke tatsa, domin dafin ya kan bi nono. Ku kuma tabbata an yi wa kowane jariri allurar rigakafin ciwon hanta, wadda a ke farawa tun ranar haihuwa.

YADDA A KE YIN GASASSHEN KANTUN GERO DA GYAƊA

Yanzu, uwargida, ga wani abu da za ki gwada. Ba baƙo ba ne, ɗan'uwan dakuwa ne, sai dai shi gasa shi a ke yi a yanka, don ya jure ɗauka cikin aljihun ɗan makaranta. Mudunmu shi ne gwangwanin madara.

Garin soyayyen gero, gwangwani 2.
Markaɗaɗɗiyar gyaɗa, gwangwani 1.
Dabino wanda aka cire wa ƙwallo, gwangwani 1.
Riɗi, rabin gwangwani.
Ƙwai 1, in akwai.
Gishiri ɗan kaɗan, da garin citta ko kanumfari don ƙamshi.

Da fari ki wanke hannu da sabulu, ki wanke turmi da taɓarya da kwano, su bushe.

Ki wanke gero, ki rege tsakuwa, ki shanya. In ya bushe ki soya shi cikin kasko ba mai, kina juyawa, har ya yi ƙamshi ya ɗan yi ja. Ki kai inji ko ki daka. Kada ki damu sai ya yi laushi kamar fulawa.

Ki soya gyaɗar da kika tsince, ki murje, ki fece ɓawon, ki daka ta har ta fara fid da mai. Kada ki matse man, shi zai riƙe kantun.

Ki wanke riɗi sosai, ki rege, ki shanya, sa'an nan ki soya shi sama-sama har ya fara tsalle cikin kasko. In ya ƙone ya kan yi ɗaci.

Ki tsaga kowane dabino ki duba cikinsa saboda tsutsa. Ki wanke, ki jiƙa cikin ruwan zafi kaɗan har ya yi taushi, ki daka ya zama kamar kunu mai kauri. Ki ajiye ruwan jiƙon.

To, sai ki haɗa duka cikin kwano ki cuɗa. In ya yi tauri ki yayyafa ruwan dabinon kaɗan kaɗan. Alamar ya yi ita ce, in kin dunƙula a hannu ya tsaya bai warwatse ba, bai kuma manne miki ba. Ki shafa ɗan man gyaɗa a farantin ƙarfe, ki zuba, ki danne da bayan ludayi ƙwarai da gaske, kaurinsa ya zama kamar yatsa. Wannan dannewa ita ce asirin abin. In ba a danne ba ya kan ruguje wajen yanka.

In dabino ya yi tsada, ki sa ayaba biyu nunannu maimakonsa, sai dai wannan a cinye shi cikin kwana biyu. In kina da aya, ki soya ki daka, ki sa ta maimakon rabin geron. In akwai waken suya, ki soya shi sosai har ya yi ja, ki cire ɓawo, ki niƙa tare da geron. Shi ya fi gyaɗa ma abin gina jiki.

GASHI BA TANDERU

Wata za ta ce, ni ba ni da tanderu irin na masu gurasa. Ba kome. Ki sami tsohuwar tukunyar ƙarfe mai faɗi da murfi. Ki zuba yashi mai tsabta a gindinta, zurfin yatsa uku. Ki rufe, ki ɗora bisa murhu kamar minti 15, yashin ya ɗauki zafi. Ki jera 'yan duwatsu uku bisa yashin, ki ɗora farantin a kansu, ki rufe. Ki janye itace, wutar ta zama kaɗan. In kin zuba 'yan garwashi bisa murfin, saman ma zai gasu. Bayan minti 20 ki buɗe ki duba. In gefe ya yi ja, ƙamshi ya tashi, ya yi. In da saura ki ƙara minti 5 ko 10. Ki sauke da tsumma, ki kori yara daga bakin murhu, gama yashi mai zafi ƙunarsa mugu ce.

Ki yanka tun yana da ɗumi, kowane yanka kamar kwalin ashana, amma kada ki ɗaga sai ya huce sarai. Wannan awo zai ba ki wajen yanka 20. In aka yi lissafi, zaƙin da ke cikin yanka guda bai kai cokalin shayi ɗaya ba, yanka biyu kuwa sun kai ƙwai guda wajen abin gina jiki. Wane biskit zai yi miki haka?

Ki ajiye cikin kwano mai murfi, a wuri mai sanyi. Wanda aka sa wa ƙwai a cinye shi cikin kwana uku. Wanda ba ƙwai, in ya gasu ya bushe sosai, ya kan kai mako, amma da damina ki riƙa dubawa. In ya canza wari ko ya yi fumfuna, a zubar, kada a kankare a ci.

WA ZA A BA, WA ZA A HANA?

Jaririn da bai kai wata shida ba, nonon uwa kaɗai, ko ruwa ba ya bukata. Daga wata shida zuwa shekara biyu a ci gaba da nono, a ƙara da abinci mai laushi. Irin wannan yaro kada a miƙa masa kantu a hannu. A marmasa shi cikin kunu ko koko ya jiƙu, a ba shi da cokali. Ƙwayar gyaɗa ko aya guda-guda kada a ba ƙaramin yaro, ta kan sarƙe shi ta toshe numfashi. Zuma kuma ba a ba yaron da bai shekara ba.

Akwai yaran da jininsu bai haɗu da gyaɗa ko riɗi ba, ko da ya ke ba su da yawa. In yaro ya ci ka ga leɓensa ya kumbura, ko jikinsa ya feso da ƙuraje masu ƙaiƙayi, ko numfashi ya yi masa wuya, a kai shi asibiti nan da nan, kada kuma a sake ba shi.

Mai ciwon sukari ya sani dabino zaƙi ne. Ya tambayi ma'aikacin lafiya tukuna.

Yanka ɗaya ko biyu sun ishi ɗan makaranta, a ba shi da hantsi ko da la'asar, ba dab da cin abinci ba. Ya bi da ruwa mai tsabta. Dabino ya kan manne wa haƙori, don haka a kuskure baki, a kuma goge haƙori safe da dare da buroshi da man goge baki, ko da asuwaki.

Abu guda kuma, wannan kantu abinci ne, ba magani ba. In yaro ya rame ƙwarai, ko ƙafafunsa sun kumbura, ko gashinsa ya yi ja ya yi laushi, ko ya daina wasa ya ƙi cin abinci, wannan tamowa ce. Ku kawo shi ɗakin shan magani a auna damtsensa. In aka ba ku abincin leda na masu tamowa, nasa ne shi kaɗai. Kada a raba wa 'yan'uwansa, kada a sayar. Wanda ya sayar ya sayar da ran ɗansa.

GA MAIGIDA

Malam, kada ka ce wannan zancen mata ne. Ka zauna ka lissafa abin da ka ke miƙa wa yara kullum safiya, ka tara na kwana 30. Ka kwatanta da kuɗin gwangwanin dabino da rabin gwangwanin riɗi, tun da gero da gyaɗa naka ne. In kaka ta yi, kafin ka kai gyaɗa kasuwa, ka ware wa gida buhunsa daga mai kyau. Uwargida ba ta iya daka abin da ba a ba ta ba. Ka kuma lura da tsarabar da ka ke dawowa da ita ran kasuwa. Yaro ya kan so abin da ya ga uba ya girmama. In ka zauna ka ci kantun nan gabansa ka yaba, gobe shi zai roƙa.

Kada ku yi tsammani yaro zai saki minti rana ɗaya. A rage masa sannu sannu, ba da duka ba. Ranar Salla ko ranar suna in ya sha alewa ba laifi. Abin kullum shi mu ke gudu.

Matan da ke sana'ar cikin gida kuma, ga hanyar samu. Kuɗin da ke tafiya birni cikin leda ya tsaya a unguwa. Sai dai mai yi don sayarwa ta ji tsoron Allah, ta tsince gyaɗarta kamar 'ya'yanta ne za su ci, ta rufe kayanta saboda ƙuda da ƙura, kada kuma talla ta hana 'yarta zuwa makaranta.

ABIN DA ZA KU RIƘE

1. Ƙwalama abinci ce ga yaro, a zaɓa masa mai gina jiki.
2. Biskit da minti da lemon kwalba na marmari ne, ba na kullum ba.
3. A tsince gyaɗa, a binne tsintar. Wuta ba ta kashe dafin fumfuna.
4. A rage zaƙi, ko na gida ne.
5. A wanke hannu, a rufe abinci.
6. Yaro mai alamar tamowa a kai shi asibiti, kada a tsaya dabara.

In kun karanta wannan takarda, ku karanta wa wanda bai iya ba. In akwai abin da ya shige muku duhu, ku tambayi ma'aikacin lafiya kafin ku bar ɗakin shan magani. Uwargida, ki gwada cikin makon nan, ko da rabin awon ne. Gani ya kori ji.

Allah ya raya mana zuriya, ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin. Mu kwana nan.